Sunan da Malam Belmiro Ya Kankare

Wata shida da binne Malam Belmiro, sai ga wayar Firmino Afonso, ciyaman ɗin ƙauyenmu, ta iske Graciete a Lyon, inda ta yi shekara ashirin da bakwai tana goge zannuwan otal-otal. A tsawon wannan lokaci Firmino bai taɓa kiranta ba, ko ranar da ubanta ya mutu.

"'Yar Malam! Ina Faransa? Kin manta da mu ko?"

"Firmino, me ya faru? Mãe ce, uwata, ba lafiya?"

"Dona Laurinda lafiyarta ƙalau, jiya ma na gan ta tana korar kajin maƙwabta da tsintsiya. Albishir zan yi miki. Mun zauna mun yanke shawara za mu karrama Malam. Allon marmara za mu kafa a bangon tsohuwar makaranta ranar bikin Agusta. Fadan coci zai zo, 'yan badujala za su zo, har da mai ɗaukar hoto daga jarida. Ke muke so ki yi magana a madadin iyali. Minti biyar kacal, ki gaya wa mutane irin mutumin da mahaifinki yake."

Graciete ta jawo kujera ta zauna.

"Yaushe ne zaɓe?" ta tambaye shi.

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Ke dai ba ki canza ba! Bakin nan naki na Malam ne sak. Za ki zo ko?"

Ta ce za ta zo. Da ta ajiye wayar ta ɗauko takarda da biro don ta fara rubuta abin da za ta faɗa. Kwana uku takardar na kan tebur, ba ta iya rubuta komai ba sai sunansa.

Belmiro Teixeira ɗan makiyayin tumaki ne, kuma shi kaɗai cikin 'ya'ya bakwai ya wuce aji huɗu. Fadan wancan zamanin ya ga yaron kansa na ja, ya tura shi makarantar horon malamai a Bragança. Ya gama yana da shekara ashirin da ɗaya, bai kai ga riƙe alli ba takardar soja ta iso. A 1969 aka loda su a jirgin ruwa daga Lisbon zuwa Gini, inda ƙasarmu ke yaƙi don kada ta saki abin da ba nata ba. Su biyu suka tafi daga ƙauyen a jirgi ɗaya, shi da Custódio ɗan maƙeri. Bayan wata ashirin da uku Belmiro ya dawo, kunnen hagu a mace, ƙafar dama cike da ɓaraguzan ƙarfe.

Shi bai taɓa ba da labarin ba. Abin da mutane suka sani daga bakin Custódio suka ji shi, in ya sha kofi biyu ko uku na giyar inabi. Motarsu ce ta taka nakiya. Wani soja ɗan ƙasar ta Gini da ke sanye da kakinmu, Bafulatani mai suna Braima Embaló, ya goya Belmiro a baya, ya yi rabin yini yana ratsa fadamun shinkafa da shi, ruwa har ƙugu. Da aka yi juyin mulki a ƙasarmu a 1974 sojojinmu suka tattara suka dawo gida, aka bar irin su Braima a can da kakin a jikinsu. Sabuwar gwamnatin ƙasar ta bi da yawansu ta harbe, har da shi. Iyakar abin da Graciete ta tashi da shi ke nan.

Makarantar ɗaki ɗaya ce, aji huɗu a ciki, yara arba'in da uku, da murhu a tsakiya wanda kowane ɗalibi ke kawo wa icce ɗaya daga gida in sanyi ya shigo. Shekara talatin da uku Malam Belmiro ya yi a ɗakin nan. Ba gidan da bai shiga ba yana jan ƙafa, yana faɗa da iyaye kan su saki yara daga kiwo. Uban Firmino sai da ya cuna masa kare. Malam ya koma washegari, ya sake komawa jibi, a zuwa na huɗu ya fito riƙe da hannun Firmino. Yaron da ya zo ba takalmi, Malam zai zauna bayan an tashi ya gyara masa wani tsoho. Wanda ya zo ba karin kumallo, akwai baƙin burodi da cuku a aljihun teburinsa. Duk wanda ya kai shekara arba'in a ƙauyenmu, shi ya koya masa rubuta sunansa.

Gidan malami yana manne da makarantar, ciki da falo. Taku goma ne daga ƙofar aji zuwa ƙofar gida, amma mutumin da ke fita daga wannan ba shi ke shiga waccan ba. A gida ba ya magana. Zai zauna ya juya wa matarsa mataccen kunnen, ya sha miyar kabejinsa, ya tashi. Laurinda na kwana a ciki da yarinyar, shi yana kwana a falo kan gadon ƙarfe. Bai taɓa dukan matar ba, bai taɓa zaginta ba, kuma Graciete ba ta taɓa jin ya kira sunan uwar tata ba.

Ranar da Graciete ta fara zuwa aji, tana da shekara shida, bakin fensirinta ya karye. Ta ɗaga hannu ta kira shi da Pai, wato Baba, ta ce, "Pai, fensirina..."

Ajin ya yi tsit. Malam ya tako har gabanta.

"A nan babu Pai. Akwai Malam, akwai Teixeira. Miƙo hannunki."

Rula ce ta katako mai kauri. Laifin da wani yaro zai sha biyu, ita huɗu take sha. Mutane suna yabonsa a kan haka, wai Malam ba ya son kai, ko 'yarsa bai ƙyale ba. Da ta zo ta ɗaya a jarrabawar aji huɗu a duk yankin, ta shigo gida da gudu da takardar a hannu. Ya karɓa ya duba sama da ƙasa, ya ajiye a gefe, ya ce, "Miyarki za ta huce." A ranar nan kuma ta hango shi ta taga yana shafa kan wani yaro da ya ci jarrabawar da ƙyar, yana dariya har ana ganin haƙoransa.

Ranar bikin Agusta, da yake tun safe ake harba rokokin wasan wuta sama, kafin rana ta fito Malam ya ja karensa ya hau dutse, ba ya saukowa sai an gama. Yara na kwaikwayon yadda yake ƙanƙame jiki in an buga ƙofa da ƙarfi. Ita ma Graciete ta taɓa kwaikwayonsa, don a daina ce mata 'yar Malam. Tana cika ashirin da uku ta bi wata 'yar'uwar uwarta zuwa Faransa. Da ta je yi masa sallama yana gyaran littattafan yara. Ya ɗago ya ce, "Ki riƙa rubuto wa uwarki," ya mai da kai.

Ƙauyen ya yi ta tsiyayewa, wasu Faransa, wasu Suwizalan, wasu Porto. Shekara biyu bayan Malam ya yi ritaya ya koma da matarsa gidan iyayenta, aka rufe makarantar, saura yara uku a ciki. Aka ba ƙungiyar mafarauta ɗakin. Suka fitar da bencina, suka sa firji da teburin kati, suka rataye kan aladen daji a inda allo yake.

A 2009 Firmino, a zangonsa na farko, ya kawo shawarar kafa dutsen tunawa a dandalin coci, a sassaƙa sunayen 'yan ƙauyen da suka je yaƙin Afirka, su goma sha tara. Aka kira taro a cikin Agusta don 'yan ci-rani su samu halarta, Graciete na zaune a baya. Malam ya miƙe da sandarsa.

"Akwai suna ɗaya da ba ku sa ba. Braima Embaló."

"Ɗan gidan wa ke nan?" wani ya tambaya, aka yi dariya.

Firmino ya ce, "Malam, da girmanka, dutsen na 'yan ƙauye ne. Wannan bawan Allah ko ruwan ƙauyen nan bai taɓa sha ba."

"Ba don shi ba, da ba ka iya karanta takardar da ke hannunka ba, Afonso. Da kana bayan awakin ubanka."

Fuskar Firmino ta yi ja. "To in muka sa shi, gobe kowa ya kawo mana baƙin mutuminsa? Dutsen ba zai ɗauka ba."

"To ku cire nawa."

"An riga an ba mai sassaƙa jerin sunaye, Malam. Zauna ka huta."

Aka kafa dutsen. Lahadin da ta biyo baya, ana fitowa daga coci da rana tsaka, sai aka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Malam Belmiro ne durƙushe a gaban dutsen kan ƙafarsa mai ciwo, da guduma da ƙarfen sassaƙa, yana kankare sunansa harafi bayan harafi, a natse, kamar mai gyara rubutun ɗalibi. Mutane suka kewaye shi. Wasu na dariya, wasu na zagi, Firmino na waya da 'yan sanda. Graciete ta kutsa ta fizge gudumar daga hannunsa.

"Pai, ka haukace ne? Ka kunyata mu! Don wani mutum da ya mutu tun ina cikin zanen goyo?"

Ya ɗago ya dube ta. Kallo ne da ta daɗe tana tunawa, don bai saba kallonta ido cikin ido ba. Ya miƙa hannu, ta ƙi ba shi gudumar, sai ya dafa dutsen ya tashi ya tafi gida. Saura haruffa uku a layin nasa.

Daga ranar ƙauyen ya yanke cewa Malam ya taɓu. Mutanen da ya koya wa karatu suka koma tsallaka titi in sun hango shi. In ya shiga shagon shan kofi sai hira ta mutu. Shekara goma ya yi a haka, shi da Custódio kaɗai ke zama a bakin rijiyar dandali, ba sa ma cika magana. Da mantuwa ta kama shi, ya fara fita da sassafe yana ƙwanƙwasa ƙofar mafarauta wai yara na jiransa, Graciete ce ta zo ta sa hannu aka kai shi gidan kula da tsofaffi a birni. Sau ɗaya take ziyartarsa a shekara. A zuwanta na ƙarshe ya dube ta daga keken guragu, ya dubi agogon bango, ya ce, "Teixeira, kin makara."

Ya mutu a cikin Disamba. Mutum tara suka raka shi maƙabarta, in an haɗa da fada da masu haƙa biyu. Firmino bai zo ba, wai yana taro, amma ya aiko da furanni da ƙyalle mai ɗauke da sunansa da manyan baƙaƙe.

Ranar karramawar rana ta buɗe sosai. An yi wa makarantar farin fenti ta gaba, gefe da baya an bar su yadda suke. Motoci masu lambar Faransa sun cika titi, ana gasa kifin sardin a dandali, hayaƙi ya turnuƙe. Dona Laurinda ta ce ƙafafunta ba za su kai ta ba, ta zauna a gida. Firmino, cikin kwat da ta matse masa tumbi, ya yi minti ashirin yana magana. Ya kira Malam uban ƙauye, ya kira shi jarumi, ya ba da labarin karen ubansa har muryarsa na rawa. Ya ja ƙyalle, allon ya bayyana: Malam Belmiro Teixeira, soja kuma malami, daga ɗalibansa masu godiya. Sannan ya miƙa wa Graciete makirufo.

Ba ta zo da takarda ba.

"An ce in faɗi irin mutumin da ubana yake," ta ce. "Ban sani ba. Ku ya kamata ku gaya mini, don ku kuka same shi, ni rularsa kawai na samu. Amma na iya ƙirga, shi ya koya mini. Yau na ƙirga mutum ɗari da wani abu a nan. Ranar da aka binne shi mu tara ne. Shekara biyar yana gidan tsofaffi, motar haya na zuwa birni kowace Talata, ba wanda ya leƙa shi sai Ti Custódio. Abu ɗaya ya taɓa roƙonku a rayuwarsa, suna ɗaya a kan dutse, kuka yi masa dariya. Ni ma ina cikinku, ni na ƙwace gudumar. Yanzu da ya mutu ba zai iya kankare komai ba, kun samo marmara. Firmino, ka ce ɗalibansa masu godiya. A ina kuka ɓoye godiyar tun yana da kunne ɗaya da zai ji ta?"

Ta tsaya. Ta zaci za a yi mata ihu, ko wani ya sunkuyar da kai. Sai wata mata a baya, wadda ga alama ba ta ji komai ba saboda lasifikar na ƙara, ta fara tafi. Na kusa da ita suka kama, tafin ya bazu. Firmino ya karɓe makirufo, ya rungumo kafaɗarta ya juya ta wajen mai hoto.

"Zafin rashin uba ne, jama'a, duk mun san shi! A tafa wa 'yar Malam!"

Ya ɗaga hannu, 'yan badujala suka kama busa, sai ga rokoki goma sha biyu sun tashi a jere daga bayan makarantar, wai don girmama Malam. Mutane suka nufi wajen kifi.

Custódio na zaune a inuwar bishiyar kastanya, ya ɗora haɓa kan sandarsa. Ya yafuto ta.

"Kin wanke su, 'yata. Ba su ji ba, amma kin wanke su."

"Ti Custódio, kai ka san shi. Me na yi masa? Yaran kowa nasa ne ban da ni."

Tsohon ya dubi hayaƙin rokokin. "Na yi masa alkawari ba zan faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba. Amma ban yi wa uwarki alkawarin komai ba. Je ki tambaye ta zancen wasiƙa."

Ta iske Dona Laurinda a kicin tana ɓare wake a cikin kwano, tagar a rufe saboda hayaniya.

"An gama? Kin ci wani abu?"

"Mãe, wace wasiƙa ce?"

Hannun tsohuwar bai tsaya ba. Ta ɓare kwanso uku kafin ta amsa.

"Custódio ya tsufa bakinsa bai tsufa ba. Zauna, kin tsaya mini a ka."

Graciete ta zauna.

"Satin da na haife ki ta zo. Kwana biyu ina naƙuda, na kusa tafiya. Ubanki ya je birni yi miki rajista, mai kawo wasiƙu ya miƙo mini ita a gado. Na ga kan sarkin Gini, na buɗe. Mutumin nan ne. Wani ya rubuta masa. Wai sojojinmu na shirin tafiya, wai in ubanki ya aiko da takarda cewa zai sauke shi a gidansa, za a bar shi ya hau jirgi. Shi da matarsa da 'ya'ya huɗu."

"Sai kika yi yaya?"

"Na cusa ta ƙarƙashin takardar da ke shimfiɗe a gindin akwati."

"Mãe!"

"Kar ki yi mini Mãe. Ciki da falo gare mu. Ga ni ko tashi ba na iyawa, ga ki jaririya. Mutum shida, baƙaƙe, Musulmi, a ƙauyen nan, a wancan zamanin? Da duwatsu za a kore mu gaba ɗaya. Kuma na san ubanki, kafin ya kai ƙarshen layin farko zai ce su zo. Na ce bari in samu ƙarfi tukuna in ba shi. Sati ya zama wata. Daga nan kuma na ji tsoron ba shi."

"Yaushe ya gani?"

"Kina da shekara uku. Yana neman takardar baftismarki. Lokacin labari ya riga ya zo wa Custódio cewa an harbe mutumin." Ta ture ɓawon waken gefe. "Ya karanta a tsaye. Ya dubi kwanan watan, ya dube ni, ya dube ki kina wasa a ƙasa. Na so ya mare ni, wallahi na so. Sai kawai ya ɗauki bargonsa ya koma falo. Shekara arba'in da wani abu bai sake kiran sunana ba."

"Ni fa? Ni na ɓoye ta?"

"Na gaya masa don ke na yi. Shi ne kuskurena, da na yi shiru." Ta ɗago ta dubi 'yar. "Ba za ki tuna ba. Kafin ranar, a wuya yake ɗaukarki ya zaga ƙauye da ke kamar gunkin coci ranar biki. Har aji yake shiga da ke, ya zaunar da ke kan teburinsa kina cin alli. Mutane na ce masa Malam, 'yar nan za ta manta tafiya."

Graciete ta fi shekara arba'in tana neman wanda zai ce mata ubanta ya taɓa sonta, yau an faɗa mata, kuma da ba a faɗa ba ya fi mata sauƙi.

"Ina wasiƙar?"

"Yana ajiye da ita a aljihun kwat ɗinsa har gidan tsofaffi. Suka haɗo mini da kayansa. Ranar da muka dawo daga maƙabarta na jefa ta a murhu."

"Da adireshin da komai?"

"Da komai. Ta ci mini aure, ba za ta ci mini tsufa ba." Ta jawo wani kwanson. "Kuma kar ki zauna kina jira in ce na yi nadama. Na yi kuka, na gaya wa fada har uku laifina. Amma in aka mai da ni gadon nan da ke a hannuna, ban san zan yi dabam ba. Miƙo mini tukunyar can."

Graciete ta miƙa mata tukunyar, ta fita ta bar ta.

Washegari ta koma wajen Custódio. Ya ba ta lambar rundunarsu da sunan barikin da suka zauna, ya kuma ce akwai wani ɗaki a wata unguwa a gefen Lisbon inda tsofaffin sojojin Gini da suka samu tsira ke taruwa. Maimakon ta kama hanyar Faransa, sai ta juya mota kudu, tafiyar awa biyar.

Ɗakin na ƙarƙashin wani dogon bene, tsakanin shagon aski da na sai da waya. Tsofaffi huɗu ne a ciki suna kallon ƙwallo. Wanda ya tashi ya tarbe ta dogo ne mai farar hula, ya ce sunansa Saliu Baldé. Ya ba ta kujera, ya zuba mata shayi a ƙaramin kofi, ya saurare ta har ta gama bai katse ta ba.

"Braima Embaló," ya ce. "Na san mutum huɗu masu wannan suna, senhora. Uku an harbe su." Ya karɓi takardar Custódio ya nisanta ta da idonsa. "Wannan rundunar... e, akwai wani dogo mai tabo a goshi. Ina jin shi ne. An ce matar ta tsallaka Senegal da yaran. Bayan nan ban sani ba. Shekara hamsin fa."

"Ba wanda zai sani?"

Ya juya ya yi wa sauran magana da yarensu. Ɗaya ya girgiza kai, biyu ba su ɗauke ido daga talabijin ba.

"In kin same su, me za ki ba su?" ya tambaye ta.

"Ba komai. So nake kawai su sani ubana bai ƙi su ba. Wasiƙar ce ba ta kai hannunsa ba sai da lokaci ya wuce."

Saliu Baldé ya yi ɗan murmushi, ba na mugunta ba. Ya ninke takardar ya mai da mata.

"Senhora, ke ce ta biyar ko ta shida da ta zo nan. Wani ɗan kyaftin, wata jikar manjo, haka dai. Dukanku magana ɗaya kuke kawowa, wasiƙar ba ta iso ba. Ni kaina uku na rubuta."

"Amma tawa gaskiya ce."

"Na yarda," ya ce. "Sha shayinki, hanya da nisa."

Ta shanye, ta yi godiya. Ya raka ta har bakin ƙofa, ya nuna mata inda za ta bi ta hau babban titi ba tare da ta shiga cunkoso ba, sannan ya koma ciki wajen ƙwallonsu.